Gilashin Saiti da Ma'aunin Haske a Kyamarar Fim: Nazari Daga Unguwar Sabo ta Badun

A kyamarar fim irin wadda mai hoto ke leƙawa ta cikin lensinta, akwai wani siririn gilashi kwance a saman madubi, girmansa kusan daidai da hoton da zai zauna a kan fim, wato milimita 24 da 36. A kansa siffa take sauka kafin ido ya gan ta, kuma da shi ake gane ko hoto ya zauna daram ko yana dishi-dishi. Shi za a riƙa kira gilashin saiti a wannan rubutu. Galibin masu hoto suna ɗaukarsa mataimakin ido ne kawai: idan ya karce, ko funfuna ta ci shi, ko idon mai shi ya fara gajiya yana neman wanda ya fi haske, sai a cire a sa wani. Abin da nazarin nan yake son tabbatarwa shi ne, a kyamarori da yawa gilashin nan ɓangare ne na ma'aunin haske, wanda ya canza shi ya taɓa ma'auni ko ya sani ko bai sani ba. Kuskuren da ke biyo baya kuwa, wanda littattafan kamfanoni kan ambata cikin layi biyu su wuce, a unguwa irin Sabo a kan fuskar mutum yake sauka.

Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawan Badun a 1916 kusa da Mokola, ta tsayu ne a kan fataucin goro da shanu. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a 1962 da 1963, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu gida da dillalai suka riƙe wannan ciniki tsakanin Arewa da Kudu bisa amana da bashi, da yadda unguwar ta rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950. Ga mai hoto, abin da ya fi shafarsa a cikin wannan tarihi shi ne sutura. Taron da ake kiransa dominsa a Sabo, ko Sallah ce, ko Maulidi, ko ɗaurin aure, ko saukar karatu, ko tarbar alhazai, taro ne na farar shadda da farin rawani a jikin mutane masu duhun fata, kuma sau da yawa rana na tsaka. Da wuya a haɗa wa ma'aunin haske jarrabawar da ta fi wannan.

Garin da kansa ya daɗe da sanin hoto. A Badun mai hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya shiga ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a 1954, a nan aka buɗe gidan talabijin na WNTV a 1959, kuma ya yi aikin ɗaukar hoto a gidan talabijin ɗin kafin ya koma Legas a 1963. Sana'ar situdiyo a wannan yanki ta fi ƙarfi a hannun Yarbawa, waɗanda suka bazu da ita zuwa ƙasashen maƙwabta, kamar yadda Érika Nimis ta nuna a littafinta na 2005. Daga shekarun 1970 zuwa na 1980 ƙananan kyamarorin Japan masu fim ɗin milimita 35 suka mamaye sana'ar tare da hoto mai kala, kuma su ne wannan magana ta shafa. Yau wayar hannu ta karɓe kusan dukan aikin, amma kyamarorin ba su mutu ba. Suna yawo a kasuwar gwanjo, suna komawa hannun ɗalibai da masu sha'awa, kuma mai saye ba ya sanin hannu nawa suka bi ko gilashi nawa aka musanya musu.

Hanya biyu, haske ɗaya

Haske yana shiga ta lensi, ya bugi madubin da ke jingine a kusurwar digiri 45, ya hau sama ya sauka a kan gilashin saiti. Fuska ɗaya ta gilashin mai kaushi ce, ita ke tare hasken ta warwatsa shi har siffa ta bayyana. Ɗaya fuskar tana ɗauke da siraran zobba, dabarar da Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1820 domin fitilun jagorar jiragen ruwa, aikinsu su karkato hasken gefe zuwa ga ido don kada kusurwoyi su yi duhu. Daga nan wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar ya miƙar da siffar ya miƙa ta ga tagar leƙe. A yawancin kyamarorin da suka biyo bayan Pentax Spotmatic ta 1964, ƙwayoyin da ke auna haske suna zaune ne a gefen wannan taga, suna kallon gilashin saiti kamar yadda ido ke kallonsa.

Da zarar an latsa maɓalli, madubi zai ɗaga, labule ya buɗe, haske ya wuce kai tsaye zuwa fim. Hasken da ya rubuta hoton bai taɓa gilashin saiti ba. Hasken da aka auna kuwa ta cikinsa ya bi. Injiniyan kamfani ya san kason da gilashinsa yake ci da kason da yake bari ya wuce, a kan wannan ya daidaita allurar ma'auni. Idan aka sa wani gilashi mai barin haske ya wuce fiye da na asali, ƙwayoyin awo za su ga kamar rana ta ƙara ƙarfi, su umarci mai hoto ya tsuke ƙofar lensi ko ya ƙara saurin labule, fim ya sami ƙasa da haƙƙinsa. Kamar mai awon hatsi ne da aka musanya masa mudu da ƙarami ba a faɗa masa ba: ƙidayarsa daidai take, abin da ke shiga buhu ne ya ragu. Idan kuma sabon gilashin ya fi duhu, sai lamarin ya juya, fim ya sha haske fiye da kima.

Ba kowace kyamara wannan ya shafa ba, kuma sanin gidan da kyamara ta fito shi ne rabin aikin. Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet tana da tagar awo a goshinta sama da lensi, babu ruwanta da abin da ke ciki. Haka Yashica Mat-124G mai lensi biyu, ma'auninta waje yake kallo. Topcon RE Super ta 1963, wadda ta riga Spotmatic auna haske ta cikin lensi, ta ɗora ƙwayar awonta ne a bayan madubi, kafin haske ya kai gilashin saiti. Nikon F3 da Pentax LX, duka na 1980, da Olympus OM-4 ta 1983, sun sauko da ƙwayar awon ƙasan akwatin madubi, don haka mai su yana iya musanya gilashi yadda ya ga dama. Amma Pentax K1000, da Minolta SR-T 101, da Olympus OM-1, da Canon AE-1, da Yashica FX-3, da Nikon FM2 da FE, wato ainihin kyamarorin da talakan mai hoto ya iya saye, dukansu daga gilashin saiti suke karanta haske. Wasunsu ma kamfani bai yi su don mai su ya canza gilashi da kansa ba, sai dai mai gyara ya buɗe ya dasa wanda ya samu daga wata matacciyar kyamara.

Canon ta kai abin ƙarshe. A F-1 ta 1971 an gina wani ɗan madubi mai raba haske a cikin gilashin saitin kansa, shi ke tura wani kaso zuwa ƙwayar awo. A sabuwar F-1 ta 1981, gilashin da aka sa shi ke yanke hukuncin yadda za a auna: wani yana auna dukan fili, wani kashi 12 cikin 100 na tsakiya, wani kashi 3 kacal. A nan babu ma wanda zai ce gilashi daban, ma'auni daban.

Dalilin da gyaran ba lamba ɗaya ba ce

Masu hoto suna lissafin haske da mataki. Mataki guda shi ne ninki biyu ko rabi: daga f/8 zuwa f/11 a ƙofar lensi, ko daga 1/125 zuwa 1/250 a saurin labule, an rage rabin haske. Lambobin ƙarfin fim, waɗanda tsofaffin masu sana'a suka fi sani da ASA, suna tafiya ne da sulusin mataki: 50, 64, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 320, 400. Abin da kowa zai so shi ne a ce masa sabon gilashinsa ya fi tsoho da rabin mataki, ya juya lambar fim sau ɗaya, magana ta ƙare. Wani lokaci hakan yana isa. Nikon ta fitar da gilasan K2, B2 da E2 tare da FE2 a 1983, sun fi K, B da E na tsohuwar FE haske, girmansu ɗaya, kowane yana shiga gidan ɗan'uwansa, sai wata 'yar tsaga a kunnen sabon da ake gane shi da ita. Bambancin bai kai mataki guda ba, kuma gyara ɗaya yana ɗaukar yawancin lensuna. Hasselblad ta ƙasar Suwidin, da ta koma amfani da gilashin Acute-Matte wanda Minolta ta fara sawa a XD-7 a 1977, sai da ta fito da sabon kan leƙe mai ma'auni, PME3, wanda aka daidaita da sabon gilashin, domin tsofaffin suna kuskure da kimanin mataki guda.

Sai dai akwai abin da ke ƙarƙashin wannan. Gilashi mai haske bai ƙirƙiri haske ba. Tsohon gilashi mai kaushi sosai yana warwatsa haske ta ko'ina, mafi yawansa bai nufi ido ba, shi ya sa yake da duhu. Sabon ya rage warwatsawar ne, ya bar hasken ya ci gaba kusan ta hanyar da ya zo. To, ba ta hanya ɗaya haske yake zuwa daga kowane lensi ba. Daga bakin lensi mai ƙofar f/5.6, haske yana isowa a karkace da kimanin digiri 5. Daga f/2.8, kimanin digiri 10. Daga f/1.4, kimanin digiri 21. Gilashin da ba ya warwatsawa sosai yana miƙa hasken digiri 5 da na 10 ga ido da ƙwayar awo, amma na digiri 21 sai ya bar shi ya wuce ta gefe. Sakamakon haka, ribar da sabon gilashi ke bayarwa ta fi yawa da lensi mai ƙaramar ƙofa, irin dogayen lensunan zuƙowa da ake ɗaukar taro da su, ta kuma ragu da lensin milimita 50 mai faɗin ƙofa. Kyamara kuwa tana auna haske ne ƙofa a buɗe gaba ɗaya, sannan ta yi lissafin ragi zuwa ƙofar da aka zaɓa, tana ɗauka halin gilashin asali ne har yanzu. Mutum ɗaya, kyamara ɗaya, gilashi ɗaya, yana iya buƙatar gyaran sulusin mataki da wannan lensi, da na kusan mataki guda da wancan.

Kamfanonin sun san haka. Nikon ta buga jadawali ga F ta 1959 da F2 ta 1971, gilasai a gefe ɗaya, lensuna a ɗaya gefen, a mahaɗarsu an rubuta gyaran da za a yi a zoben ASA, wasu gidajen kuma an nuna cewa awo ba zai yiwu ba sam. Gilasan G da H kowanne kashi huɗu aka yi shi, don a dace da lensuna daban-daban. A F4 ta 1988 an sa wani ɗan majuyi na musamman a kan leƙe don gyaran gilashi, a F5 ta 1996 ya koma saiti na 18 a cikin zaɓuɓɓukan kyamara. Har Canon EOS 5D, wadda ba ta fim ba ce, tana tambayar mai ita wane gilashi ya sa. Wanda ya sayi kyamara a gwanjo ba tare da littafinta ba, bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan gargaɗi ba.

Akwai kuma da'irar tsakiya mai raba siffa biyu, wadda ake haɗa layi da layi don gane saiti. Wannan da'ira ba ta da kaushi, kuma idan ƙofar lensi ta kai f/5.6 ko ta fi haka ƙanƙanta, rabinta kan yi baƙi. A kyamarorin Nikon da yawa kashi 60 cikin 100 na awo daga da'irar tsakiya mai milimita 12 yake fitowa. Wanda ya cire gilashi marar da'ira ya sa mai ita, ko akasin haka, ya canza abin da ma'auni ke gani a daidai inda ya fi ba da nauyi, kuma karkatar tana iya zuwa ta kowane ɓangare.

Inda kurakurai suke taruwa

Da a ce rabin matakin nan shi kaɗai ne, da ba a tsaya dogon nazari a kansa ba. Abin da ya ba shi nauyi a Sabo shi ne yana tarar da 'yan'uwansa, kuma dukansu hanya ɗaya suke ja.

Ma'aunin haske bai san riga ba, bai san fuska ba. An gina shi a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka cakuɗa, toka-toka ne matsakaici, kusa da katin gwajin Kodak mai mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Farar shadda tana mayar da ninki huɗu na wannan ko fiye, wato mataki biyu ko sama da haka. Idan manyan riguna suka cika rabin fili, ma'auni zai rage haske da mataki guda ko fiye don ya mayar da farin toka-toka. Sai batir. OM-1 da SR-T 101 da Canon FTb da kan leƙe Photomic FTn na Nikon F an gina su ne a kan batirin zaiba mai ƙarfin volt 1.35 wanda ba ya sauyawa har ya mutu. Amurka ta hana sayar da shi a 1996, ya ɓace daga kasuwannin duniya, wanda ke shiga gurbinsa a yau mai volt 1.5 ne, kuma a yawancin waɗannan kyamarori yana sa allura ta nuna haske fiye da yadda yake. Sai hasken da ke kutsawa ta tagar leƙe idan rana tana bayan mai hoto, musamman mai tabarau ko wanda ya ɗora kyamara a kan ƙafa uku ya janye idonsa; ƙwayoyin awo suna dab da tagar, suna haɗa shi cikin lissafi. Riga, batir, taga, sannan sabon gilashi: kowanne yana gaya wa kyamara haske ya yi yawa, a rage.

Fim mai kala wanda ake wankewa ya zama dodon hoto yana da haƙuri ta ɓangare ɗaya kawai. Yana jure ƙarin haske na mataki biyu, har uku, hoto ya fito lafiya. Ragi kuwa, da ya wuce mataki guda, abin da ke cikin inuwa ya fara ɓacewa, kuma abin da bai rubutu a fim ba babu injin da zai dawo da shi. Fatar Bature tana zaune kimanin mataki guda sama da toka-tokar ma'auni, idan aka rage mata mataki guda ta sauko tsakiya ne kawai, kamanni na nan. Fata mai duhu tana farawa ne daga ƙasa da tsakiya, ragin mataki guda ko biyu yana tura ta inda fim ya daina rarrabe tsakanin kunci da gemu. A ƙara da cewa Badun tana kusan digiri 7 arewa da tsakiyar duniya, rana tana tsayawa a ka, hula da rawani suna jefa inuwa a kan ido. Lorna Roth ta rubuta a 2009 game da katunan da Kodak ta daɗe tana raba wa gidajen wanki don daidaita kala, masu hoton farar mace, ta nuna cewa an auna kyawun hoto da fata iri ɗaya tsawon shekaru. Maganarta gaskiya ce. Amma a ganina bai kamata mai hoto ya ɓuya a bayanta ba, domin kaso mai yawa na duhun fuskar da ake gani a tsofaffin hotunan biki ragin haske ne, kuma wannan a hannunsa yake.

Abin mamaki, yanayin Badun ya daɗe yana rufa wa masu hoto asiri. Damina mai tsawo daga wajen Afrilu zuwa Oktoba tana kawo laima, laima tana kawo funfuna a gilashi. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan madubi. Soson da aka liƙa a cikin kyamara yana ruɓewa ya zama danƙo, a OM-1 har yana cin azurfar dunƙulen gilashin da ke sama. Duk waɗannan suna rage hasken da ke kaiwa ga ƙwayar awo, ma'auni ya nemi ƙarin haske, fim ya samu, kuma ƙari shi ne ɓangaren da fim ke yafewa. Tsohuwar kyamara mai dattin ciki tana biyan bashin farar riga ba da sanin kowa ba. Ranar da aka wanke ta aka sa sabon gilashi, wannan rangwame ya tafi, mai hoto yana murna ido ya buɗe, hotuna kuwa sun fara lalacewa. Injin wanki irin na Noritsu ko Fuji Frontier yana ƙoƙarin gyara siririn dodon hoto da kansa, sai katin ya fito baƙinsa ya koɗe, ga tsaki-tsaki a fuska. Mai biki ya duba ya ce, "Malam, wannan ai ba ni ba ne." Laifi ya tafi kan gidan wanki, ko a ce fim ɗin ya kwana biyu.

Yadda ake gano gyaran

Aikin ba ya buƙatar kayan ɗakin bincike, tsari yake buƙata. A fara da batir, domin awon da aka yi da batir marar daidai ba shi da amfani. Batirin na'urar taimakon ji mai lamba 675 yana ba da kusan volt 1.4 kuma ba ya tangaɗi, ko da yake ba ya daɗewa bayan an cire takardar da ke bayansa. K1000 da FM2 da FX-3 ba su da wannan matsala, batirinsu yana nan a kasuwa.

Kafin a cire tsohon gilashi, a kafa kyamara a gaban bango marar zane wanda haske ya game shi daidai, bangon ya cika fili, a sa saitin lensi a kan nesa mafi nisa, a kare tagar leƙe daga hasken baya. Hasken rana a ƙarƙashin rumfa ya fi fitila, domin wutar janareta tana hawa da sauka, ƙwan fitila yana binta. A rubuta abin da ma'auni ya ce da kowane lensi da ake aiki da shi. A musanya gilashi nan take kafin rana ta gusa, ana riƙe shi ta kunnensa da ɗan hantsaki, ba da yatsa ba, kuma kada a kusanto da shi ga sinadarin goge gilashi, domin yawancinsu roba ce. A sake awo, sannan a juya lambar ASA har allura ta koma inda take a da. Yawan danna da aka yi shi ne gyaran, kowace danna sulusin mataki. Misali, da fim ɗin 100, tsohon gilashi ya ce 1/125 a f/8, sabo ya ce 1/125 a f/11: bambanci mataki guda ne, lambar za ta koma 50. Idan sabon ya tsaya tsakanin f/8 da f/11, rabin mataki ne, wanda ya faɗa tsakanin 80 da 64, kuma da fim mai dodo 64 za a ɗauka. Yana da kyau a maimaita gwajin a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, domin tsofaffin ƙwayoyin awo irin na CdS ba sa amsawa iri ɗaya a rana da a duhu, kuma suna ɗaukar ɗan lokaci kafin su manta hasken da suka gani a baya.

Sai dai wannan gwaji yana mayar da kyamara ne inda take jiya, bai ce jiyan daidai take ba. Don haka, da kuma don wanda tsohon gilashinsa ya riga ya fashe, ana buƙatar shaida daga waje: ma'aunin hannu irin na Sekonic ko Gossen, ko wata kyamarar da aka yarda da ita, a nuna su ga bango ɗaya. Tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa a rana tsantsa f/16 da 1/125 sun dace da fim ɗin 100 tana kama babban kuskure, amma da gajimaren damina da hazon Disamba da Janairu ba za a dogara da ita a kan sulusin mataki ba. Hukunci na ƙarshe na fim ne. A ɗauki mutum sanye da farar riga a inuwa, sau ɗaya yadda ma'auni ya ce, sannan da ƙarin rabin mataki, da ƙarin guda, da ragin rabi, a rubuta jerin a takarda. Bayan wanki a ɗaga dodon hoton a gaban haske a duba wurin fuska da gashi, waɗanda a dodo su ne wurare masu haske-haske. Inda suka zama fili tas kamar gefen fim, haske bai isa ba. Katin da aka buga ba shaida ba ne, tun da inji ya riga ya sa hannu.

Gyara ta lambar ASA yana da tarko guda da ya kamata a sani. A Nikon FE2 da FA, ƙwayar da ke auna walƙiyar filasha daban take, tana kallon fim ne kai tsaye, gilashin saiti bai shafe ta ba, amma lambar ASA ɗaya suke karantawa da ma'aunin rana. Wanda ya sauke lambar don gyara gilashi ya ƙara wa filasha haske da daidai wannan adadi. A Olympus OM-2 ta 1975 allurar da ake gani a taga daga gilashin saiti take karantawa, amma idan kyamara ce ke zaɓen sauri da kanta, daga fim take aunawa; a gyara ɗaya, ɗaya ya karkace. Da fim mai dodo ƙarin rabin mataki ba ya cutarwa. Da fim ɗin silaid, wanda rabin mataki ke bayyana a kansa ƙarara, dole a mayar da lambar gaskiya kafin a kunna filasha. Kyamarorin da ke karanta ƙarfin fim da kansu daga gwangwani, tsarin DX da Kodak ta fito da shi a 1983, ana yi musu gyaran ta majuyin ƙari da ragi idan suna da shi.

Mai gyara yana iya buɗe kyamara ya murɗa 'yan sukurorin daidaita ma'auni a ciki, ASA ta koma faɗin gaskiya. Wannan ya dace da wanda ya yanke shawarar gilashin zai zauna har abada kuma lensi ɗaya yake aiki da shi. Ga mai lensi uku, ban ga hikimarsa ba, domin an binne gyaran lensi ɗaya a inda babu mai gani, wanda zai gaji kyamarar kuma ya fara daga duhu. 'Yar takarda da aka manna a bayan kyamara, ɗauke da sunan gilashin da gyaran kowane lensi, ta fi amfani. Idan mai gyara ne ya dasa gilashin wata kyamara, a roƙe shi ya duba saiti ma, domin fuskar mai kaushi dole ta kasance nesa ɗaya da fim daga lensi, kuma siraran ƙarafan da ke ƙarƙashin gilashi ba ado ba ne.

Wanda Sallah ta riske shi da sabon gilashi bai sami damar gwaji ba, ya sa fim ɗin 200 a kan 125, kada ya auna daga riga. Ya ɗaga tafin hannunsa cikin irin hasken da ke kan fuskokin mutane, ya cika fili da shi, ya karanta abin da ma'auni ya ce, sannan ya buɗe ƙofa mataki guda.